Ganyen Ɗa'ifa da Motar da Ban Karɓa ba

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a unguwar Nuzla ta Jidda duk sa'ad da aka kai ku hutu wurin dangi. Ana cewa da ubanku ya karɓi babbar motar da aka ba shi, da yanzu kuna da bene a Aziziyya kamar 'ya'yan abokina Haruna, kuma wai uwarku ce ta ja ni kan dutse ta zaunar da ni gadin itatuwa. Rabin maganar gaskiya ne. An ba ni motar, ban karɓa ba, Haruna ya karɓa, benensa kuwa kun gan shi da idonku. Ɗaya rabin ba haka yake ba, kuma ni ne na bar shi yana yawo a bakin mutane shekara da shekaru, don yin shiru ya fi mini sauƙi. Uwarku ba ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba har ta koma ga Allah. Saboda haka bari in ba ku labarin shekarar nan yadda ta kasance.

Ni a Jidda aka haife ni. Kakanku Usmanu da ƙafa ya zo daga ƙasar Haɗeja, ya sauke farali, ya zauna yana gasa tsiren da Larabawa ke kira sirei har ƙarshen ransa. Inna kuwa gyaɗa take soyawa tana sayarwa a bakin makarantar yara. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da 'yan shekaru a madarasa, daga nan na koyi tuƙi. Na samu aiki wurin wani attajiri mai shigo da shinkafa da sukari, muna ce masa Ammu Siraj. Shi ne kafilina mai tsaya mini wurin hukuma, iƙamata, wato takardar izinin zama, a hannunsa take. Yana da lambu a wani kwari bayan garin Ɗa'ifa, kan duwatsu. Kowace shekara idan zafin Jidda ya kai inda riga ke manne wa mutum tun bai fita ƙofa ba, sai in kwashi iyalinsa in hau da su, su sha iska, su ci inabi da rumman, in zafi ya fara karyewa in sauko da su. Don haka ni Ɗa'ifa koriya na san ta, ban taɓa ganin ta da wata kama ba. A Jidda kuwa itacen da muka sani dogon yaro ne, nan ɗaya can ɗaya a ƙofar masu hali, shi kuma kore ne duk shekara. Ranar da ka ga ganyensa ya yi rawaya, to mai shi ya daina saya masa ruwa, mutuwa ce ta zo masa. Ku riƙe wannan, don ku fahimci wautar da za ta biyo baya.

Uwarku Safiya ba 'yar Jidda ba ce. Daga wani ƙauyen Hausawa take a Sudan, bakin kogin Nilu, inda mahaifinta ke da lambun kuɓewa da lemun tsami da gwaba. Ta rako shi Hajji, suka sauka kusa da mu, ta gan ni na gan ta, aka yi aure da yardarta da tawa. Ya koma gida ya bar ta a sandaƙarmu, wato ɗakin katako da kwano irin na Nuzla ta wancan zamani, inda ruwa ma sai an saya a wurin masu jakuna. Ba ta yi ƙorafi ba. Allah Ya ba mu ɗa namiji, wanku da ba ku sani ba, muka sa masa sunan mahaifina. Bai kai ga yin tafiya ba ƙyanda ta shigo unguwa a tsakiyar zafi, ta tafi da shi tare da yara da yawa. Daga nan Safiya ta yi shiru. Tana dafa abinci, tana wanki, tana gaishe da Inna a durƙushe kamar kullum, amma in ka dube ta sai ka ga kamar an bar fitila a kunne da rana. Wata rana da hantsi ina ɗaure takalmi, ta tsaya a bakin ƙofa ta kira ni da sunan da ta saba, wanda ta ji yaran gareji suna kiran direbobi da shi.

"Usɗa, an aiko da baki daga gida. Yaya Idrisa zai zo Hajji bana."

"Madalla. Sai mu gyara masa rumfar waje."

"Idan zai koma zan bi shi."

"Ganin gida?"

"Ban sani ba. Ba ka yi mini komai ba, Inna ma ba ta yi mini komai ba. Amma nan in na buɗe ido kwano nake gani, in na rufe yaron nan nake gani. Ba zan iya ba."

Hajji a shekarar cikin sanyi zai faɗo, saura 'yan watanni. Na gama ɗaure takalmina na tafi aiki.

A ƙarshen zafin nan, da na sauko da iyalin Ammu Siraj, sai ya kira ni kantinsa. Mutumin Yaman da ke gadin lambun ya koma ƙasarsu, yana so in hau in riƙe wurin har ya samu wani. Kuma ya yi mini albishir. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, jirage sun yi layi a teku suna jiran a sauke su, ana gina unguwar masana'antu a kudancin gari, siminti da ƙarfe ba su da mai ɗauka. Ya ce ya yi odar babbar mota, in na sauko zai damƙa mini ita, in riƙa biya a hankali har ta zama tawa. Duk direban da ke Jidda a lokacin mafarkinsa ke nan. Na zo gida ina murna, na ce wa Inna ni kaɗai zan hau, Safiya ta zauna ta taya ta aiki. Inna ta ajiye mararakin gyaɗa ta dube ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan, jaki ne aka ba lasin? Ka bar ta nan ta yi me, ta ƙirga ƙusoshin kwano?"

"Inna, can akwai sanyi, ba kowa."

"Nan da akwai kowa, me kowan ya yi mata? Tafi da ita. In ma barin ka za ta yi, ta bar ka da ɗan nama a jikinta, kada mutanen Sudan su ce da yunwa muka riƙe musu 'ya. Yalla, tashi ka ba ni wuri."

Muka hau a wanet, ƙaramar motar kayan da ake aikin lambun da ita. Hanyar Hada tana nannaɗe da dutse kamar rawani, birai suna zaune a gefenta suna kallon masu wucewa. Safiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta dubi komai ba har muka isa. Ɗakin mai gadi na dutse ne, da 'yar taga ɗaya. Ta shiga ta share, ta shimfiɗa tabarma, ta ci gaba da zaman da take yi a Nuzla. Ni kuma na kama aiki. Kwarin yana da idon ruwa guda ɗaya, da magudana guda da ke bi ta gefen lambuna. Kowane lambu da juyinsa, in naka ya zo ka ɗauke dutse da tsumman da suka toshe bakin magudanarka, in ya wuce ka mayar, ruwan ya tafi ga na gaba. Wannan doka ta girmi duk wanda ke kwarin, kuma an sha zubar da jini a kanta a zamanin da. Na gaba da mu wani dattijo ne ɗan asalin dutsen, Ammu Awwad, gajere mai jan gemu, da matarsa Hala Nura.

Lambunmu shi ne a bakin kwarin, inda iskar sanyi ke fara bugawa, kuma katangar dutse ta kewaye shi. Wata safiya na fito na ga itacen mishmish na kusa da ƙofa ya yi rawaya daga sama. Na ƙara masa ruwa. Kafin mako ya zagayo rumman sun bi sahu, ganyen ɓaure ya fara naɗewa yana faɗuwa, kurangar inabi kuwa ta yi ja kamar an watsa mata jini. Mutum ya ba ni amanar lambun da ya gada wurin ubansa, ga shi yana mutuwa a hannuna tun ban yi nisa ba, da wane ido zan karɓi mota? Juyinmu na ruwa bai ishe ni ba. Da na Ammu Awwad ya zo, na fita da sassafe na toshe hanyarsa na juyo ruwan cikin namu. Na yi haka sau ɗaya, na sake. A na gaba ne na ɗago kai na gan shi tsaye kan katanga da sanda, gemun nan yana rawa.

"Ya walad! Kai yaro! Ashe kai ne ɓarawon ruwan? Wallahi da ubana ne ya kama ka, da yanzu ana yi maka salla!"

"Ammu, ka yi mini rai. Lambun maigidana ne ke mutuwa. Duba da idonka, duk sun bushe, tun ina ba su ruwa har ƙasa ta zama taɓo, ba su farfaɗo ba."

Ya dubi itatuwan, ya dube ni, ya sake duban itatuwan. Sandar ta sauka a hankali.

"A ina aka haife ka?"

"Jidda."

"Ka taɓa kwana nan bayan masu hutu sun sauka?"

"A'a."

"Halas, magana ta ƙare," in ji shi. Sai ya zauna kan katangar ya kama dariya, yana buga cinya, yana kiran matarsa ta zo ta ga ɗan Jidda da ke ba itace ruwa don ya hana kaka zuwa.

Hayaniyar ce ta fito da Safiya. Tun da muka zo ba ta wuce bakin murhu ba, ranar nan sai ga ta har tsakiyar lambu. Na ga ta tsaya cak. Rana ta ɗan ɗago, haskenta ya ratso ta cikin ganyen rumman, wurin duk ya zama ruwan zinariya, har farin mayafinta ya ɗauki launin. Ta daɗe tana juyawa tana kallo. Sannan ta kama wani ɗan reshe ta kankare ɓawonsa da farce, ta miƙo mini. Cikinsa kore ne shar, da danshi.

"Usɗa, barci za su yi. Ba ka taɓa ganin kuka da rani ba?"

"A ina zan gan ta? A tsakiyar Jidda, a Bab Makka?"

"Haka suke yi, su zubar da ganye su huta." Ta sake ɗaga kai. "Amma namu na gida ba sa yin kwalliya kafin su kwanta."

Ta dubi ƙafafuna da suka nutse cikin taɓo har idon sawu, ta dubi tsohon da ke share hawayen dariya, sai ita ma ta fashe. Rabona da jin wannan sauti tun kafin ƙyanda. Na tsaya cikin taɓon nan ana yi mini dariya ta gaba da ta baya, ban taɓa jin daɗin zama wawa irin na ranar ba.

A al'adarsu wanda ya ci ruwan wani sai ya rama da juyinsa, ya kuma je har gida ya ba da haƙuri gaban mutane. Na yi duka biyun. Da aka sha gahawa Ammu Awwad ya ce saura tara, kuma tarar ita ce wanet. Yana da 'ya da ke aure can sama wajen Shafa, da 'yan'uwa a warwatse cikin kwaruruka, ƙafarsa kuma ta gaji da hawan jaki. Hala Nura ta ce ba za ta zauna gaban mota da maza ita kaɗai ba, sai da 'yar Sudan. Haka muka fara yawon da ya canza mini rayuwa.

Shi ya koya mana cewa launin daga sama yake farawa ya gangaro, kamar yadda sanyi ke yi. Don haka duk wanda ke son ya gani, ya fara da Shafa da zarar an soma neman bargo. Can ne muka fara zuwa. Ƙauyen 'yarsa yana kan wani tudu da gajimare ke ratsawa ta tsakar gida, ka ga mutum yanzu, an jima ka neme shi ka rasa. Duwatsun cike suke da wani itace mai duhun kore da suke kira ar'ar, wanda ba ya canzawa, sai ga mishmish da loz a tsakaninsu sun yi rawaya, kamar an kunna fitilu a cikin ɗaki mai duhu. Rabin ganyen ya riga ya zuba. Ƙasa ta rufe, ba ka ganin turɓaya, in ka taka sai ka ji ƙaras ƙaras. Safiya ta tuɓe takalmi ta bi ta ciki da ƙafa, sanyi ko a jikinta. Matan gidan suka tsaya suna kallon baƙar mace mai Larabcin Sudan tana tambayar su sunan kowane itace da yadda ake dasa shi, kafin la'asar sun ja ta cikin gida sun cika mata zane da busasshen ɓaure.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai gangaren inabi ne na wani ɗan'uwan Ammu Awwad. An gina gonakin hawa-hawa da dutse a jikin tsauni, suna fuskantar yamma. In kun je, kada ku je da tsakar rana, ba za ku ga komai ba sai ganye mai ƙura. Ku bari sai bayan la'asar, ku tsaya daga ƙasa ku sa rana a bayanku. Mu haka muka same shi. Hawan farko ruwan goro, na samansa ja kamar lallen da ya kwana a hannu, na can ƙoli har ya yi duhu kamar jan garura, kuma a kuranga guda sai ka ga ganye ɗaya da launi uku, gefensa ja, tsakiyarsa rawaya, jijiyarsa ba ta saki kore ba. Ni da na yi shekaru ina kawo mutane dutsen nan su ci 'ya'yan itace, ban san cewa muna juya baya ne daidai lokacin da wurin ke shirin nuna abin da ya fi kyau ba. Masu lambunan suna Jidda suna shan zafi, mu masu gadi da birai mu ke kallo. Ammu Awwad ya ce shi ya haura saba'in bai gaji da gani ba, ya ɗaga hannu ya yi tasbihi, muka taya shi.

Namu kwarin shi ya zo ƙarshe. Akwai wani falalen dutse bayan idon ruwa, in ka hau kana ganin lambunan duka a jere. Duwatsu baƙaƙe ta ko'ina, rumman kuma sun bi magudana sun yi rawaya tun daga sama har ƙasa, kamar an warware turmin atamfa a tsakanin gawayi. Can Safiya ta mayar wurin shan shayinta. Ta fara cin abinci da kyau. Ta shiga aikin Hala Nura, suna tsinke sauran 'ya'yan itacen safarjal, suna tara ganye a rami don taki. Amma maganar tafiya ba ta janye ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Da jiragen alhazai suka fara isowa na sauka Jidda na tarar da Yaya Idrisa ya zo. Dogo ne, manomi, mai farar jallabiya da ƙarancin magana. Na nemi izinin mutawwifinsa, wato mai kula da alhazai, na hau da shi, Inna ma ta ce sai ta je ta ga abin da ya hana mu aiko da gaisuwa. Kafin mu tashi Ammu Siraj ya aiko a gaya mini mota ta iso, an kuma samu mai gadi, in na dawo in zo mu gama magana. Inna tun daga rabin hanya take sababi, ta naɗe da bargo biyu. Da muka kai su gangaren inabi, wanda lokacin ya fara zubewa, sai ta yi tsit. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ganye ɗaya tana juya shi.

"Rabona da taka busasshen ganye tun ina yarinya, muna ratsa Wadai da ƙafa," in ji ta. Sai kuma ta tuna da kanta. "Wurin dai aljanna ne, amma ta waɗanda ba su da ciwon gwiwa. Ku mayar da ni mota."

Yaya Idrisa shi ƙasa ya duba. Ya ɗebo ta a hannu ya murza ya shinshina. Bayan mun ci abinci a kan falalen dutsen nan, ya gyara zama ya kira sunana, ya yi magana gabanmu duka.

"Ni ba raba aure na zo yi ba, Bakur. Amma tsohuwarmu ta ce in na same ta yadda aka ba mu labari, kada in dawo ni kaɗai. Na zo na ga ba haka ba. To, Safiya, ke za ki faɗa. In nema miki wuri a jirgi ko in bari?"

Safiya ta dubi kwarin.

"Yaya, kowa yana son wuri ranar da ya yi ado. Hala Nura ta ce nan gaba kaɗan ba sauran ganye ko ɗaya, sai sanyi da itace tsirara. Bari in ga wannan tukuna. Ka je ka yi aikin Hajjinka, in an sauko za ka ji daga gare ni." Sannan ta juyo gare ni, abin da ba ta saba yi gaban Inna ba. "Kai kuma Usɗa, ka karɓi motarka. Ka daɗe kana so. Kada wata rana a ce ni na hana ka."

Kun ji da kunnenku. Wannan ita ce maganar uwarku, Inna da kawunku suna zaune.

Na bar ta a gidan Hala Nura na sauko da su, don a kwanakin Hajji maigida yana bukatar kowane direba. Duk tsawon gangaren ina lissafi. In na karɓi mota, sabon mai gadi zai shiga ɗakin dutse, abin da ya rage in ba Safiya shi ne sandaƙar Nuzla, kuma ta riga ta gaya mini ba za ta iya ba. In na ƙi mota, ba ni da tabbacin za ta zauna. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai yau: ni kaina da na hango Jidda daga nesa, kwance cikin tururin zafi, sai na ji ƙirjina ya ƙuntata. Dutsen ya riga ya kama ni. Washegari na sami Ammu Siraj a kanti, makullin motar yana kan teburinsa.

"Ammu, ina roƙon alfarma. Ka sallami sabon mai gadin, ka bar ni a lambu."

"Inta majnun? Ka haukace ne? Ka san mutum nawa suka zo nan suna roƙon wannan makullin?"

"Na sani."

"Matarka ce ta ce ka yi haka?"

"Ita cewa ta yi in karɓa."

"To ta ce za ta zauna da kai a can?"

"Ba ta ce ba tukuna."

"In ta bi ɗan'uwanta fa?"

"Sai in zauna da itatuwan."

Ya ja carbinsa. Ya ce lambun ubansa bai taɓa samun mai gadin da ya yi sata don itatuwa ba, don labarin ruwa ya riga ya iso masa. Ya ce ɗayyib, shi ke nan, ya aika a kira Haruna. A gabana aka miƙa masa makullin. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji ƙarar injin nan a waje sai da idona ya yi zafi. Inna kuwa da ta ji, ta juya mini baya ta ci gaba da suyarta.

"Ni cewa na yi ka kai ta ta sha iska. Ban ce ka ba dutse ɗana ba."

Ta yafe daga baya, amma ba ta taɓa yarda ta dawo wurinmu ba. Ta zauna a Nuzla tare da ƙanwata, gwaggonku, ina saukowa in na samu hali, kuma ranar da ta cika ina kan dutse, sai bayan an binne ta na iso. Wannan shi ne abin da na biya, ya fi mini motar da benen ciwo nesa ba kusa ba. In gwaggonku ta yi ɗacin baki a kan uwarku, daga nan abin ya samo asali, ku yi mata uzuri.

Aka yi Hajji aka sauko. Yaya Idrisa ya dawo masaukin alhazai na bakin teku, jirginsu ya kusa tashi. Ya ce in hau in zo da ita, ko in zo da amsarta. Na kama hanya ni kaɗai. Na shiga kwarin. Babu rawaya, babu ja, babu komai. Itatuwa sun tsaya tsirara, toka-toka kamar ƙasusuwa, iska tana kaɗawa tana yanka kunne, ruwan magudana har ya yi ɓawon ƙanƙara a gefe. Na ce a raina wace mace ce 'yar bakin Nilu za ta zaɓi wannan. Ɗakinmu a rufe, gidan Ammu Awwad ba kowa. Na bi ta bayan katanga, sai na jiyo muryoyi daga wajen inabinmu.

Tana can da Hala Nura, ta ɗaura tsohon kwat ɗina a kan zane, hannuwanta sun faffashe don sanyi. Tsohuwar tana nuna mata inda ake datse reshe, ita kuma tana datsewa da 'yar lanƙwasasshiyar wuƙa, rassan da aka yanke sun taru a gefe. Ta gan ni, ba ta saki reshen da ke hannunta ba.

"Sannu da hanya, Usɗa. Ina motar?"

"Tana wurin Haruna."

Wuƙar ta tsaya. Ta dube ni sosai, ta gane, ta sunkuyar da kai. Hala Nura ta tattara rassa ta yi nesa da mu kamar tana da aiki a can.

"Na ce ka karɓa."

"Kin ce. Yaya Idrisa yana jira, jirgi ya kusa tashi. Me zan gaya masa?"

Ta nuna wani ƙunshi da ke rataye a jikin katanga.

"Zabibi ne da ɓaure, ka kai masa ya kai wa tsohuwa. Ka ce ina gaishe ta, in Allah Ya yarda ita ma ta zo ta gani." Ta share ido da bayan hannu, ta ciro wata wuƙar daga aljihun kwat ta miƙo mini. "Amma ba yau za ka koma ba. Kama wancan layin. Hala ta ce in ba a datse su yanzu ba, baɗi ba za su yi mana ja sosai ba."

Na karɓi wuƙar na kama layin.